Gyaran Tsohon Ɗakin Katako Na Lambu

Zan ba ku labarin aikin da mu 'yan aji biyu muka yi a tsohon ɗakin katakon nan na bakin lambu, inda a ke ajiye fartanyoyi da iri. Duk wanda ya bi ta hanyar rijiya a kwanakin nan ya ga ɗakin ya miƙe tsaye, tagoginsa suna walƙiya, har waɗansu su kan ce, "Madalla da sababbin tagogi." To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in nuna muku tagogin nan su ne ƙarshen aikin, su ne kuma mafi sauƙinsa. Da a ce da su muka fara, da yanzu gilasan suna ƙasa a farfashe, kamar yadda na gabansu suka yi har sau biyu.

Bari in fara da siffar ɗakin, domin waɗanda ba su taɓa shiga ba. Tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 8, jikinsa duk katako ne, rufinsa kwano. Ƙofarsa tana duban kudu. Tagoginsa uku, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya arewa, kowace kuwa an raba ta gida shida, watau gilashi 18 ke nan gaba ɗaya. Sa'ad da muka ƙirga, 11 sun fashe, an toshe gurbinsu da kwali da tsumman buhu, 7 kaɗai suka saura. Ɗakin ya karkata wajen gabas kamar tsoho mai ciwon kwankwaso, ƙyaurensa ba ya rufuwa sai an ɗaga shi da gwiwa. Da damina ruwa ya kan shiga ya kwanta a kan kanta, ɓeraye kuwa sun mai da wurin gidan gado. Asarar da ta fi ba malaminmu na aikin gona haushi ita ce ta irin albasa. Shi irin albasa ba shi da jimiri, ko an adana shi da kyau da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu da ƙarfinsa, balle ya sha laima. Bara da muka yafa shi a kwami, abin da ya tsiro bai cika tafin hannu ba.

Da maganar ɗakin ta taso sai ajinmu ya rabu. Waɗansu suka ce a rushe shi a yi na bulo da siminti, a huta. Waɗansu suka ce a sayo gilashi a sa, tun da ya ke tagogi ne suka mutu. Waɗansu kuma suka ce su dai ba ruwansu, malamai za su zama, ba zarto aka kawo su riƙewa ba. Malam ya saurare mu duka bai tanka ba, sai ya aika aka kirawo tsohon kafintan nan da ke gyara mana tebura da kujeru.

Tsohon ya zo da 'yar wuƙa a aljihu. Muna nuna masa tagogi, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, sai ya durƙusa a gindin bangon gabas ya share ƙasa da hannu, ya soka wuƙar cikin katakon da ke kwance a ƙasa, wanda dukan bangon ke zaune a kansa. Wuƙa ta shige har ƙota kamar an soka ta cikin kabewa. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai tagogin suna sama." Ya ce, "'Ya'yana, taga ba ta da laifi, ƙarar ƙafar ɗakin ta ke kawo muku. Katako ya kan lanƙwasa ya yi haƙuri, amma gilashi ba ya lanƙwasa. In ɗaki ya karkata, gidan gilashi ya matse, ba abin da zai yi sai ya fashe. Ko sau goma kuka sake shi, sau goma zai fashe."

Daga nan ya bi da mu baya baya har zuwa tushen ɓarnar. Gilashi ya fashe domin bango ya karkata. Bango ya karkata domin gara ta cinye katakon ƙasa da gindin dogayen katakai biyu na kusurwa. Gara ta sami hanya domin shekara da shekaru masu sharar lambu suna tara ƙasa da ciyawa a jikin bangon, har ƙasa ta rufe katako kamar taƙi ɗaya. Ƙasar nan kuwa ba ta bushewa da damina, domin ruwan kwano a nan ya ke zuba, ga shi kuma a ƙasarmu hadari daga gabas ya kan taso, bangon gabas shi ke shan dūkan ruwa fiye da sauran. Maginan ƙasa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa su kan fi kula da yaɓen gabas. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya kamata in tsaya kaɗan a kan gara, domin ita ce babbar abokiyar gaban duk mai ginin katako a ƙasashen zafi. Jikinta taushi gare shi, ba ta jure hasken rana da busasshiyar iska, saboda haka ba ta tafiya a fili. Daga gidanta na ƙarƙashin ƙasa ta kan gina 'yar hanya rufaffiya ta laka, siririya kamar alƙalami, ta bi cikinta har ta kai ga itace. In ta shiga sai ta ci ciki ta bar baya, har fenti ma ta kan bar shi lafiya lau. Don haka mutum ya kan ga katako sumul, sai ya ƙwanƙwasa ya ji yana amsawa kamar ganga. A cikin babban suri akwai uwar gara guda, wadda ba ta da aiki sai ƙwai, tana yin dubbai a kowace rana. Wanda ya ce zai ƙare gara da kisa ya ɗauki aikin da ba shi da iyaka. Dabara ita ce a raba katako da ƙasa, a tilasta wa gara ta fito fili inda ido zai gan ta.

Tsohon ya ƙwanƙwasa sauran jikin ɗakin allo allo, ya tarar mafi yawansu da sauran ƙarfinsu, har ƙusa ba ta shiga sai da ƙyar. Ya ce irin wannan katako da ya bushe shekaru da yawa ya gama motsinsa, ya fi sabon da za a sayo a kasuwa da ɗanyensa. Da tsohuwar zuma a ke magani. Malam ya zauna ya lissafta, ya ga kuɗin gyara bai kai rabin na sabon gini ba, sai ya yanke magana, ya ce gyara za a yi, mu ne kuma za mu yi shi da hannunmu kowace Asabar, tsohon yana nuna mana. Aka fara bayan an gama kaka, da ƙasa ta bushe.

Aikin farko haƙa ne. Muka kwashe ƙasar da ke jikin bango, muka zare gilasai bakwai ɗin nan muka naɗe su cikin buhu, sa'an nan muka aro jak wurin direban kwaleji. Muka zura azara mai kauri ƙarƙashin bangon gabas, a ɗaga kaɗan a tokare da bulo, a ƙara ɗagawa a ƙara tokarewa, ba wanda aka bari ya sa hannu ko kai a ƙarƙashi sai an tokare. Da ɗakin ya rabu da ƙasa muka janye ruɓaɓɓen katakon, rabinsa ya zube a hannunmu kamar gari. Muka gina 'yan ginshiƙai shida na bulo, kowanne ya ɗara taƙi ɗaya tsawo daga ƙasa, muka kifa wa kowanne yankin kwano wanda ya zarce bakinsa aka lanƙwasa gefensa ƙasa. Kwanon nan ba ya kashe gara, amma in ta zo hawa dole ta gina hanyarta ta kewaye bakinsa, a nan mai dubawa zai gani ya kankare. Iska kuma yanzu tana ratsawa ta ƙarƙashin ɗakin tana busar da shi.

Wajen zaɓen katako mun koyi abu. Farin katako irin su afara da obece yana da araha da daɗin aiki, amma abincin gara ne, bai dace da kusa da ƙasa ba. Don katakon ƙasa muka sayi iroko, wanda a ke kawowa daga dazuzzukan kudu, aka kuma zaɓi jan tsakiyarsa, domin ko a itace mai ƙarfi farin gefen nan da ke bin ɓawo ba ya daɗewa. Gindin dogayen katakan kusurwa kuwa, muka yanke ruɓaɓɓen wurin a karkace, muka haɗa da guntayen kirya da aka fere daidai da yankan. Kowa ya san kirya, da ita a ke sassaƙa taɓarya, gawayinta kuma maƙera ke nema. Taurinta ya kai sai an huda ta kafin a buga ƙusa, in ba haka ba ƙusar ta lanƙwashe. Kowane bakin yanka muka shafe shi da maganin katako har ya ƙoshi, domin ta bakin yanka itace ya fi shan ruwa, kamar yadda kara ke zuƙa ta ramin cikinsa. Wani ya kawo shawarar a kwarara baƙin man mota kewaye da ɗakin kamar yadda a kan yi a gari. Malam ya hana, ya ce wurin lambu ne, abin da aka zuba a ƙasa yau gobe yana cikin rijiya da alayyafo.

Da ɗaki ya sauka a kan sababbin ƙafafunsa, sauran a miƙe shi. A nan ne na ga lissafin da mu ke yi a allo ya fito waje ya yi aiki. Tsohon ya sa muka auna bangon gabas da igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sa'an nan daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Ɗaya ta fi ɗaya da inci 5. Ya ce muddin awon nan biyu ba su zo daidai ba, bango a karkace ya ke. Muka ɗaura igiya riɓi biyu ta bin doguwar hanyar, muka zura sanda a tsakiya muna murɗawa sannu sannu, ɗakin yana ƙara yana miƙewa, har awo biyu suka daidaita. Don tabbatarwa ya auna ƙafa 3 a ƙasa daga kusurwa, ƙafa 4 a tsaye, ya ce tsakanin alamun biyu lalle ya zama ƙafa 5. Muka dubi juna, domin ƙa'idar nan ce da a ke jingina wa Fitagoras na ƙasar Girka, wanda ya rayu kamar shekara 2,500 da suka wuce, mu kuwa mun haddace ta don jarrabawa. Tsohon bai taɓa jin sunansa ba, wurin ubangidansa ya koya yana yaro. Kafin a kwance igiyar muka buga katako a gicciye cikin kowane bango daga kusurwa zuwa kusurwa, domin abu mai kusurwa huɗu ya kan goce in an tura shi, mai kusurwa uku kuwa ba ya gocewa sai dai ya karye. Haka aka yi wa ƙyauren ƙofa, aka sa masa gicciye daga ƙasa ta gefen da ya ke rataye zuwa sama ta gefen sakata, ya daina jan ƙasa.

Rufi bai ba mu wuya ba. Muka sare reshen darbejiya da ke gogar kwano yana tara masa ganye, muka sake falle biyu da tsatsa ta huda, muka toshe ƙananan huji da kwalta da ƙyalle. Abu ɗaya da za a riƙe, ƙusar kwano a kan tudun a ke buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Muka kuma ƙara wa bakin rufin gabas tsawo don ruwa ya zuba nesa da bango, muka yi masa 'yar magudana zuwa cikin lambu.

Sai a Asabar ta biyar muka zo kan tagogi. Muka ciro su muka shimfiɗa a kan tebur. Gilashi ba ƙusa kaɗai ke riƙe shi ba, akwai wani danƙo fari da a ke liƙa bakinsa da shi, wanda a ke yi da garin alli da man 'ya'yan shukar nan da a ke saƙa lilin da zarenta. Tsohon danƙon ya bushe ya yi tauri kamar dutse, sai da kurfi muka riƙa ɓamɓare shi kaɗan kaɗan. Malam ya sa muka ɗaure hanci da ƙyalle, muna yayyafa ruwa kafin mu goge tsohon fenti da samfefa, domin fentin da a kan sa masa dalma, ƙurarta kuwa guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana. Wanda ya ke ganin abin wasa ne ya tuna da ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Fasassun gilasai kuma muka tattara su cikin gwangwani muka rufe, saboda 'ya'yan ma'aikata da ke yawo a lambu ba takalmi.

Taga ta arewa da ta yamma gyara kaɗai suka bukata. Ta gabas kuwa katakonta na ƙasa ya ruɓe, aka yi mata sabo, aka fere bayansa ya gangara waje don kada ruwa ya kwanta. Sa'an nan aka auna kowane gida shi kaɗai, aka rubuta lambarsa, domin a tsohuwar taga da wuya a sami gida biyu daidai wa daida. Daga kowane awo, tsawo da faɗi, aka rage kamar milimita 3. Dalili shi ne katako yana numfashi da lokacin shekara. Da hunturu ya kan bushe ya tsuke, da damina ya sha laima ya kumbura. Mu kuwa cikin hunturu mu ke aiki, in aka yanka gilashi cif da cif, watan Agusta zai matse shi ya fasa. Saboda wannan dalili aka bar wa ƙyauren ƙofa da na tagogi 'yar sarari su ma.

Yankan gilashi abin kallo ne. Ba a yanka shi kamar yadda a ke yanka katako. A kan ɗora rula, a ja wani ɗan ƙarfe mai ƙaramar ƙafa mai kaifi sau ɗaya tak, ya bar zane siriri, sa'an nan a sa bakin tebur ƙarƙashin zanen a danna, sai ka ji ƙas, ya rabu biyu. In an maimaita jan a kan zane ɗaya an ɓata shi. Da muka jera sabon gilashi kusa da tsoho muka ga bambanci. In ka duba ta cikin tsohon sai ka ga itatuwa suna ɗan rawa, domin fuskarsa ba ta miƙe sosai ba. Sabon kuwa sumul ya ke, saboda dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, inda a ke kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, ya shimfiɗu a kanta kamar mai a kan ruwa. Asalin gilashi kuwa yashi ne da farar ƙasa da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, a narka su da wuta mai tsanani. Masu aikin gilashi na Bida sun daɗe suna narka shi suna yin duwatsun wuya da awarwaro.

Ga yadda a ke sa shi. Da fari a shafa wa gurbin fenti a bari ya bushe, domin busasshen katako ya kan tsotse man danƙo ya bar shi ya tsattsage. Sa'an nan a murza danƙo a tafin hannu har ya yi laushi, a shimfiɗa kaɗan cikin gurbin, a ɗora gilashi a danna ta gefe gefe, ba a danna tsakiya. A kafa ƙananan ƙusoshi marasa kai su tare shi, a bi baki da wani danƙon, a shafe da wuƙa ya gangara don ruwa ya zame. Bayan mako biyu, da bayansa ya yi fata, a shafa fenti ya ɗan hau kan gilashin kaɗan, ya rufe bakin da ruwa zai bi. Tsofaffin gilasai bakwai suka koma gidajensu, sababbi 11 suka cika sauran. Tagar gabas muka ƙara mata murfin katako ta waje saboda hadari, ta yamma ma haka saboda zafin la'asar, kantar iri kuwa muka mai da ita nesa da rana, muka zuba irin cikin kwalabe masu murfi, domin sanyi da bushewa su ne ran iri.

Yanzu bari in juya wajen 'yan'uwana da suka ce ba zarto aka kawo su riƙewa ba. Dukanmu mun fita koyon koyarwa a makarantun ƙauye, mun kuma ga abin da ke can. A wadda aka tura ni, aji ɗaya tagoginsa huɗu ba ko ɗaya mai murfi. Da sanyin safiya yara su kan dunƙule hannuwa cikin riga, ba mai iya riƙe fensir sai rana ta ɗaga. In hadari ya taso sai a tattara a kusurwa ɗaya, karatu ya tsaya. Da dare awaki ke kwana ciki. Murafun kuwa ba sace su aka yi ba, suna jingine a bayan aji, ƙusa ɗaya ce ta fara fita aka bari, ta biyu ta bi ta. An rubuta takarda zuwa ofis ana jiran amsa, alhali guduma da ƙusa goma da rabin yini sun isa. Irin waɗannan makarantu za a tura mu, ba kuma za mu sami kafinta a bakin ƙofa ba. Malamin da ya san inda zai soka wuƙa ya gane ciwon gini, ya san abin da zai gyara da kansa da abin da zai kai ƙara a kansa tun bai yi girma ba, ya fi amfani ga yaransa. Yara kuma abin da suka ga malaminsu yana yi shi su ke ɗauka da daraja. In sun gan shi da guduma ba za su raina ubansu maƙeri ko masassaƙi ba. Mu da muka yi karatun allo mun ji cewa Annabi Zakariya, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sassaƙa ce sana'arsa, to wane ne mu da za mu ji kunyarta?

Saura roƙo ɗaya ga waɗanda za su gaji lambun bayanmu. Gyaran nan ba zai tsare kansa ba. Kada a sake tara shara ko jingina itace a jikin bango. Kowane wata wani ya durƙusa ya leƙa ginshiƙan nan shida, in ya ga hanyar laka ya kankare ta ya gaya wa Malam. Kafin ruwan fari a hau a duba kwano, a share magudana, a taɓa danƙon tagogi a cike inda ya tsage. Duka wannan bai fi aikin rabin sa'a ba, mun kuma rubuta shi a allo mun rataye bayan ƙofa.

Muna godiya ga malaminmu na aikin gona da ya ƙi yarda a rushe, da tsohon kafinta da ya yi haƙuri da hannuwanmu marasa sabo. Allah ya saka musu da alheri, ya sa mu amfani yaran da za a ba mu amana.